MUHAMMADU DURUGU, BABBAN GWANIN MAGINA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa bi ta gaban Lugard Hall a nan Kaduna ya ga ƙubbar da ke bisa ginin, haka kuma wanda ya je Unguwar Sarki ya ga Masallacin Sultan Bello da hasumiyoyinsa. Waɗannan gine-gine ne na siminti da ƙarfe, domin Kaduna sabon gari ne, sai a shekarar 1917 Turawa suka mai da shi hedkwatar Arewa. Wannan ya sa yara da yawa suke zaton cewa babban gini da Turawa ya zo ƙasarmu. Amma tun kafin a kafa tubalin farko a Kaduna, an yi wani magini a Zariya, kimanin kilomita 80 arewa da mu, wanda ya ɗauki ƙasa da itacen giginya ya yi ginin da masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna aunawa suna zanawa. Sunansa Muhammadu Durugu, wasu kuma suna kiransa Malam Mika'ilu, amma laƙabinsa na Babban Gwani ya fi sunansa tafiya.

Zamaninsa

Babban Gwani ya rayu ne a ƙarni na 19, lokacin da ƙasar Hausa ta ga babban sauyi. A shekarar 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi, bayan 'yan shekaru kuma Malam Musa ya zo da tuta ya karɓi Zariya, sarkin da ke kai, wato Makau, ya yi kudu da jama'arsa. Bayan Malam Musa sai Yamusa ya hau gadon sarauta, daga nan sai Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Sababbin sarakunan nan malamai ne, kuma suna so jama'a su gani da idonsu cewa zamani ya sake. Babu inda za a nuna haka kamar masallacin Juma'a, inda sarki da talaka, malami da ɗan kasuwa suke haɗuwa a sahu ɗaya kowane mako. Wa'azi yana shiga ta kunne, amma gini ta ido yake shiga, kuma yana nan tsaye ko bayan mai wa'azin ya tashi. Saboda haka da Sarki Abdulkarim ya yi niyyar gina masallacin da ya dace da birninsa, sai aka danƙa aikin a hannun Muhammadu Durugu. An yi ginin a cikin shekarun 1830, dab da ƙofar fadar Sarkin Zazzau.

Kayan aikinsa

A wancan lokaci gini sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da cuɗa ƙasa, sannan ya koyi mulmula tubali, sannan ya riƙa jefa wa maigidansa tubali a bisa katanga, kafin a yarda ya hau ya jera da kansa. Magina kuma suna da shugabansu, wato Sarkin Magina, wanda yake tara su idan aikin fada ya taso.

Kayan da Babban Gwani ya yi aiki da su, su ne waɗanda kowane magini ya sani. Akwai jar ƙasa da ake cuɗawa da yankakkiyar ciyawa a bar ta ta kwana. Akwai tubali da ake shanyawa a rana. Akwai azara da ake faskarowa daga giginya, wadda take da ƙarfi, gara kuma ba ta cin ta da sauƙi. Akwai makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi da ake kwasowa daga marina, waɗanda ake sa wa yaɓe don ruwan sama kada ya cinye bango. Akwai kuma indararo da ke kai ruwan rufi nesa da gindin gini.

Matsalar magini ita ce, azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita 2. To, ta yaya za a rufe zauren da zai ɗauki ɗaruruwan masallata? Dabarar ita ce bakan gizo. Tun bango yana tashi ake kafa azara a cikinsa, a ɗaure wata a kanta da igiya, kowace tana ƙara karkatowa ciki, har na wannan ɓangare su haɗu da na wancan a sama, sa'annan a lulluɓe su da ƙasa. Idan aka sa bakunan suka gitta juna kamar itatuwan da ke bakin guga, shi ne ɗaurin guga, a kansa kuma ake ɗora tulluwa. Babban Gwani ya tarar da wannan dabara a hannun magabata, amma ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba.

Masallacin Juma'a na Zariya

Yadda ya tsara masallacin, ba zauren salla kaɗai ya gina ba. Ya kewaye wurin da katanga, ya yi zaurukan shiga inda ake alwala, ya kuma haɗa da ɗakin shari'a. Daga waje ginin bai cika ɗaukar ido ba, katanga ce mai kauri da tulluwoyi a sama. Sai mutum ya shiga ciki yake ganin abin mamaki. Manyan ginshiƙai suna tashi daga ƙasa, bakuna suna fita daga jikinsu kamar rassan itace suna haɗuwa a can sama, ta yadda idon mai shigowa ba ya tsayawa sai ya kai ƙololuwar rufi. A jikin ginshiƙan ya yi zane mai zurfi, dogayen layuka da da'irori da masu kusurwa uku, tun ƙasar tana ɗanya. Hasken da ke shigowa kaɗan ne, saboda haka duk inda ya faɗa sai zanen ya fito, gefensa kuma inuwa ta kwanta. Wanda ya baro zafin rana da hayaniyar gari ya shiga nan, sai ya ji sanyi, ya ji jikinsa ya yi la'asar, muryarsa ma ta sauka da kanta.

Kamancinsa da maginan Barok

Ɗaliban da suke karanta tarihin Turai za su tuna da salon gini da zane da ake kira Barok, wanda ya taso a birnin Rum na Italiya wajen shekarar 1600. Shi ma bayan wani yunƙurin gyaran addini ya zo. Bayan babban taron Tirent da aka yi daga 1545 zuwa 1563, shugabannin Katolika sun so a yi majami'un da za su taɓa zuciyar mutum ko da bai iya karatu ba. Alamomin wannan salo su ne girma da ƙasaita, da lanƙwasassun layuka maimakon miƙaƙƙu, da wasa da haske da inuwa, da jan ido zuwa sama, da kuma haɗa gini da sassaƙa da zane su zama abu ɗaya.

Babban gwanin wannan salo shi ne Gian Lorenzo Bernini, wanda aka haifa a 1598 ya rasu a 1680. Shi ya yi rumfar tagulla mai murɗaɗɗun ginshiƙai huɗu da ke tsakiyar Majami'ar Waliyyi Bitrus, shi kuma ya kewaye filin da ke gabanta da ginshiƙai 284 tsakanin 1656 da 1667, aka jera su kamar hannuwa biyu da aka buɗe don rungumar masu zuwa. Daga Italiya salon ya bazu zuwa Sifen da Fotugal, ya tsallaka teku zuwa Barazil. Bayin da aka 'yanta suka dawo Legas daga can sun zo da reshensa, ana ganin haka a Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894.

Babban Gwani bai gaji komai daga wannan salo ba, hanyarsa ta gida ce tun daga tushe. Bernini ya yi aiki da marmara da tagulla da zinariya, ya cika majami'u da siffofin mutane da mala'iku. Durugu ya yi aiki da ƙasa da azara, bai kuma sa siffar wani abu mai rai ba, domin masallaci yake ginawa. Duk da haka tambayar da aka ɗora musu ɗaya ce: yaya za a yi gini ya sa mutum ya ji ƙanƙantarsa a gaban Mahaliccinsa? Amsar da suka bayar ma ta yi kusa da juna, wato tsawo, da lanƙwasa, da haske a cikin duhu, da ado wanda yake fitowa daga jikin ginin kansa.

Sauran ayyukansa da ƙarshensa

Da sunansa ya tafi, sai sarakuna da hakimai suka riƙa aikowa ana nemansa. Mafi shahara cikin ayyukansa na wajen Zazzau shi ne gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, aka kuma sa shi cikin kayan tarihin ƙasa da hukuma ke karewa tun 1956. Mutanen wurin da sunan Babban Gwani suke kiran ginin.

Kamar kowane gwani, labarai sun taru a kansa. Ana cewa da rana leburori suke tara masa ƙasa da tubali, shi kuwa sai dare ya yi yake hawa, gari ya waye a tarar aiki ya ci gaba. Labarin baka da ya fi yaɗuwa game da rasuwarsa kuma shi ne, ya je Birnin Gwari ya yi wa sarkin garin gini, da ya gama sarki ya ga kyansa sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari yana nuna matsayin da mutane suka ba shi, domin ba a kishin abin da ba shi da daraja. Ya bar zuriya a Zariya waɗanda suka ci gaba da sana'ar, akwai kuma unguwa a cikin birni da ake kira da sunansa.

Abin da ya sami aikinsa

Ginin ƙasa yana bukatar kulawa kamar gona. Kowace shekara bayan damina sai an duba tsaga, an sabunta yaɓe, an gyara indararo. Da siminti da kwano suka shigo, sai masu wannan aiki suka fara raguwa. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya fara aiki a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla. A ƙarƙashin jagorancinsa aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, aka kuma buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. A cikin shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon zauren salla, wasu sassan tsohon ginin kuma aka rushe su.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu, wasu suka ji rauni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan haka aka kafa gidauniyar sake gina shi. Ginin ya yi kusan shekara 190 yana ɗaukar jama'a kafin wannan rana.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, akwai darussa uku a rayuwar wannan bawan Allah. Na farko, kayan aiki ba su ne gwaninta ba, domin ƙasar da muke takawa kullum da ita ya yi suna. Na biyu, sana'ar hannu ba abin raini ba ce. Sarakuna da dama sun zo sun wuce, sai an buɗe littafi ake tuna sunayensu, amma sunan magini ya zauna a bakin jama'a. Na uku, abin da aka gada idan ba a kula da shi ba yakan tafi, kowa ya bar gida kuma gida ya bar shi.

Cikinmu akwai waɗanda za su karanta fannin zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Za su ji sunan Bernini a aji, kuma ya kamata su san shi sosai. Amma idan hutu ya zo, su nemi tsohon magini a garinsu su zauna da shi, su tambaye shi yadda ake ɗaurin guga da yadda ake haɗa makuba, su rubuta, su zana, tun masu sanin suna raye. Wanda ya sami zuwa Jos ko Kafin Madaki kuma, ya shiga ginin ya ɗaga kai ya duba rufi da kyau.