Walter O'Malley, Wanda Ya Raba Gari Da Ƙungiyarsa

An haifi Walter O'Malley a birnin New York, ƙasar Amurka, cikin 1903. Asalinsa lauya ne, amma cikin 1950 ya zama shugaban Dodgers, watau ƙungiyar besbol ta Brooklyn. Besbol wasa ne da ake dukan ƙwallo da kulki, Amurkawa kuwa suna sonsa kamar yadda mutanenmu na Tudun Wada ke son kokawa da kaka.

To, filin wasansu, Ebbets Field, ya tsufa, mutum wajen 32,000 kaɗai yake ci, ga ƙarancin wurin ajiye motoci. O'Malley ya roƙi hukuma ta sama masa fili a cikin Brooklyn. Robert Moses, mai iko da gine-ginen birnin, ya ƙi, ya nuna masa Queens, shi kuma bai yarda ba. Da Los Angeles ta yi masa tayin eka wajen 300, ana gama wasannin 1957 sai ya kwashi ƙungiya ya yi yamma, tafiyar mil fiye da 2,000.

Har wa yau ana gardama. Waɗansu na cewa ya ci amanar masu biyan kuɗin ƙofa, shekara biyu kacal bayan an ci kofin 1955. Waɗansu kuwa Moses suke ɗora wa laifi. Mu dai a ganinmu an cika mantawa da talakawan Chavez Ravine, 'yan asalin Meziko, waɗanda aka fitar da sauransu ƙarfi da yaji cikin 1959 don a gina sabon fili.

An buɗe filin cikin 1962, shekarar da aka ƙara ƙungiyoyi har New York ta sami Mets. O'Malley ya mutu cikin 1979.