Taƙaitaccen Tarihin Sarki Alfred na Wessex (849-899)

Gabatarwa

A ƙarni na tara na Miladiyya babu wata dunƙulalliyar ƙasa mai suna Ingila. Abin da ke akwai shi ne manyan dauloli huɗu na Kirista, watau Northumbria a arewa, da Mercia a tsakiya, da East Anglia a gabas, da kuma Wessex a kudu. Cikin shekara goma kacal, daga 865 zuwa 874, mahara daga ƙetaren teku suka rusa uku daga cikinsu, Wessex kaɗai ta rage. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana rayuwar sarkin da ya hana ta faɗuwa, watau Alfred, wanda 'yan baya suka yi wa laƙabi da Mai Girma, tare da nuna yadda addini da tsarin zaman jama'a suka zame masa makami.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Alfred a garin Wantage wajen shekarar 849. Mahaifinsa shi ne Ethelwulf Sarkin Wessex, mahaifiyarsa kuwa Osburh. Shi ne autan maza, saboda haka ba a sa rai sarauta za ta iso gare shi ba. A 853, yana ɗan shekara huɗu, aka tura shi birnin Rum, inda Fafaroma Leo na Huɗu ya karɓe shi. Ya sake komawa can tare da mahaifinsa a 855, kuma a wannan tafiya suka sauka a fadar Sarki Charles na Faransa. Bayan rasuwar mahaifin a 858, yayyensa uku, Ethelbald da Ethelbert da Ethelred, suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi tsawon rai. A 868 Alfred ya auri Ealhswith, 'yar wani babban gida na Mercia. Tun daga wannan lokaci ya yi ta fama da wata cuta mai raɗaɗi wadda ta bi shi shekara da shekaru.

Tsarin Zaman Jama'a

Al'ummar Wessex hawa-hawa take. Sarki ne a bisa, a ƙarƙashinsa akwai hakimai masu riƙe da larduna, sa'an nan barade masu mallakar ƙasa, sai talakawa manoma waɗanda 'ya'ya ne, daga ƙarshe kuma bayi. Diyya ita ce ma'aunin darajar mutum: idan an kashe barde a biya sule 1,200, idan talaka ne sule 200. Igiyar da ta ɗaure wannan tsari ita ce caffa. Mutum yakan rantse wa ubangijinsa da biyayya, shi kuwa ya ba shi kariya da kyauta da ƙasar noma. Duk wanda aka mallaka wa ƙasa, ko da majami'a ce, akwai wajibai uku a kansa: ba da mayaƙa, da gyaran ganuwa, da gyaran gada. Cikakken mulkin mulaka'u bai kafu a Ingila ba sai bayan cin ƙasar da mutanen Normandi suka yi a 1066, amma tushensa ya riga ya kama tun zamanin Alfred.

Zuwan Mahara

Maharan, waɗanda Turawa ke kira Baikin, masu bautar gumaka ne daga Danmak da Norwe. Da fari ganima suke nema, musamman a gidajen ruhubanawa masu dukiya marasa tsaro, kamar yadda suka yi wa Lindisfarne a 793. Amma a 865 sai suka sauka East Anglia da babbar runduna, da nufin cin ƙasa. Suka kama birnin York a 866, suka kashe Sarki Edmund na East Anglia a 869, suka kori Sarki Burgred na Mercia a 874.

A farkon 871 Alfred da wansa Ethelred suka ci su da yaƙi a Ashdown, amma nasarar ba ta ɗore ba. Cikin watan Afrilu Ethelred ya rasu, ya bar 'ya'ya ƙanana, aka naɗa Alfred yana da shekara 22 ko kusa da haka. Bai daɗe bisa gado ba aka karya rundunarsa a Wilton, tilas ya nemi sulhu.

Shekarar 878

Cikin Janairu 878, ana tsakiyar hunturu bayan bikin Kirsimeti, shugaban maharan, Guthrum, ya yi wa garin Chippenham shigar sauri. Mutane da yawa suka miƙa wuya, wasu suka ƙetare teku. Alfred ya tsere da 'yan mutane kaɗan zuwa fadamun Somerset, ya kafa sansani a wani tudu mai suna Athelney. Labarin da ake bayarwa cewa wata mata ta yi masa faɗa don ya bar wainarta ta ƙone, ba ta san sarki ne ba, ya fara bayyana a rubuce ne wajen shekara ɗari bayan rasuwarsa.

A nan ne caffa ta yi rana. Cikin watan Mayu mutanen Somerset da Wiltshire da Hampshire suka amsa kiransa, ya gwabza da Guthrum a Edington, ya kore shi, ya kuma tsare shi a sansaninsa kwana 14 har yunwa ta sa ya sallama. Alfred bai kashe shi ba. Sharaɗin da aka yi shi ne Guthrum ya karɓi addinin Kirista ya bar Wessex. Aka yi masa baftisma tare da manyan mutanensa wajen 30, Alfred ya tsaya masa a matsayin uba. Wannan dabara ce ta mulki, domin ta shigar da abokin gaba cikin irin rantsuwa da zumuncin da Kirista ke girmamawa. Guthrum ya koma East Anglia a 880. A 886 Alfred ya karɓe Landan, ya danƙa ta ga Ethelred shugaban Mercia, wanda ya auri 'yarsa Ethelfled.

Tsaron Ƙasa

Alfred ya lura cewa ƙarfin maharan yana ga saurinsu, domin kafin a tara manoma sun riga sun kwashi ganima sun wuce. Saboda haka ya giggina birane masu ganuwa wajen 30, aka tsara su ta yadda da wuya a sami ƙauyen da ya fi mil 20 nesa da mafaka. Aka ɗora tsaronsu a kan ƙasar noma: kowane gandu mai iya ci da iyali ɗaya ya ba da mutum ɗaya. Birnin Winchester kaɗai an yanka masa gandaye 2,400. Bugu da ƙari, ya kasa mayaƙa kashi biyu, rabi a fagen fama rabi a gona, don kada noma ya tsaya. Da wata runduna ta taso daga Faransa a 892 da jirage fiye da 300, sai ta iske ƙasa a shirye. Ta yi shekara huɗu tana kai da kawowa, ta watse a 896.

Addini da Ilmi

A ganin Alfred, maharan horo ne daga Allah saboda sakacin da aka yi da ilmi. Ya koka da cewa lokacin da ya hau gado da wuya a sami limamin coci a kudancin Kogin Thames mai iya fassara wasiƙa daga Latinanci. Don haka ya gayyato malamai: Asser daga Wales, wanda ya rubuta tarihinsa a 893, da Grimbald daga Faransa, da Plegmund daga Mercia. Shi kansa ya shiga koyon Latinanci yana kusa da shekara 40.

Babbar shawarar da ya yanke ita ce a juya muhimman littattafai zuwa harshen da jama'a ke ji, kuma 'ya'yan masu hali su fara iya karatu da harshensu kafin su wuce ga Latinanci. An jingina masa fassarar littafin Fafaroma Gregory a kan aikin shugaban addini, da na Boethius, da na Augustine, da surori 50 na farkon Zabura, ko da yake masana sun yi saɓani a kan yawan abin da ya fassara da kansa. A cikin fassarar Boethius ne aka kasa kayan aikin sarki gida uku: masu addu'a, da masu yaƙi, da masu aiki. Littafin dokokinsa ya fara da Dokoki Goma na Annabi Musa, sa'an nan ya tsinto daga dokokin sarakunan da suka gabata, irin su Ine da Offa. Laifin cin amanar ubangiji kuwa hukuncinsa kisa ne da ƙwace dukiya. Har ila yau a zamaninsa aka fara tattara tarihin ƙasar shekara-shekara da harshen gida.

Kammalawa

Alfred ya rasu ran 26 ga Oktoba, 899, aka binne shi a Winchester. Bai mallaki Ingila duka ba, domin gabas da arewa suna hannun mutanen Danmak. Ɗansa Edward da 'yarsa Ethelfled ne suka ci gaba da gina birane suna ƙwato ƙasa, har jikansa Athelstan ya haɗa ta a 927. Dole ne mai nazari ya tuna cewa yawancin labarin Alfred daga fadarsa ya fito, kuma nauyin ganuwa da yaƙi a wuyan talakawa da bayi ya sauka. Duk da haka, shi ya tsare daular Kirista ta ƙarshe daga cikin huɗun nan, kuma shi ya ɗaga harshen da malamai ke ganin bai kai ya ɗauki ilmi ba, ya mai da shi harshen littafi da tarihi.