Shaihu Muhammadu al-Kashinawi: Bakatsinen da Ya Karantar da Malaman Misira

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne mutumin ƙasar Katsina, don haka Larabawa suka yi masa laƙabi da al-Kashinawi. Ya rayu tun kafin Gobirawa, masu tsohuwar fada a Birnin Lalle, su kafa Alƙalawa. Ya yi karatu a ƙasar Hausa da Barno, kuma cikin malamansa akwai Shaihu Muhammadu Bindu da Shaihu Muhammadu ɗan Sulaimanu al-Barnawi. Ya ƙware a nahawu da manɗiƙi da hisabi da ilmin taurari.

Wajen shekarar 1730 ya kama hanyar hajji. A Makka ya soma littafinsa Addurrul Manzum, wanda ya taƙaita littafin Imamu Fakhruddini ar-Razi a kan taurari da ɗalasimai, ya kammala shi a Alƙahira. A shekarar 1145 ta Hijira ya rubuta Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana ƙa'idojin tsara hatimi. Misali, a jera lambobi daga 1 zuwa 9 cikin gida tara, ta yadda duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Masana lissafi na zamani sun yi nazarin hanyoyinsa na tsara manyan hatimai.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, masanin falaki, wanda ya yi karatu a gabansa. A gidan nan ya rasu a shekarar 1154 (1741), ya bar wa mai masaukinsa amanar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ya rubuta tarihinsa.

Lalle malamai da yawa sun yi hani ga duba da ɗalasimai, amma lissafin tafiyar rana da wata shi ne ke tsai da lokutan salla da alƙibla. Ilmin nan bai tsaya inda suka bar shi ba. A 1933 Karl Jansky na Amurka ya bayyana cewa igiyoyin rediyo na zuwa daga tsakiyar tarin taurarin da ranarmu take ciki, yanzu kuwa da manyan faya-fayan ƙarfe ake sauraron abin da ido ba ya gani. To, ya ɗan'uwa, kada yaranmu su ɗauka baƙon ilmi ne. Kakansu ya karantar da shi a Misira.

Allah ya jiƙansa da rahama, amin.