Lindley Murray

Lindley Murray (1745 – 1826) lauya ne kuma marubuci ɗan asalin Amurka, wanda littafinsa na nahawun Turanci ya mamaye makarantun Ingila da Amurka a farkon ƙarni na 19.

Farkon rayuwa

An haife shi a Pennsylvania, cikin iyalin Kiristoci mabiya ɗariƙar Quaker. Mahaifinsa, Robert Murray, babban ɗan kasuwa ne a birnin New York, kuma ya so ɗansa ya gaje shi, amma Lindley ya zaɓi karatun shari'a. Ya auri Hannah Dobson a shekarar 1767. Ya yi aikin lauya, daga baya ya shiga kasuwanci har ya tara dukiya.

Komawa Ingila

A shekarar 1784 rashin lafiya ya sa shi ƙaura zuwa Ingila, inda ya zauna a Holgate, kusa da birnin York. Ciwon ya raunana jikinsa har tafiya ta gagare shi, sai ya duƙufa ga rubutu.

Littafin nahawu

Malaman wata makarantar 'yan mata ta Quaker da ke York ne suka roƙe shi ya rubuta musu littafi mai sauƙin koyarwa. A shekarar 1795 ya wallafa English Grammar. Ba sabon bincike ya kawo ba. Ya tsamo daga ayyukan magabata irin su Robert Lowth, ya tsara su cikin gajerun ƙa'idoji da ɗalibi zai iya haddacewa, tare da misalai.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa na ginin jimla ta shafi dacewar lokuta tsakanin aikatau a jimla guda. Wannan batu ne ɗalibai ke cin karo da shi a yau wajen ba da labarin abin da wani ya faɗa da Turanci, inda "is" kan koma "was" idan maganar ta riga ta wuce.

A 1799 ya fitar da English Reader, littafin koyon karatu da aka sayar da miliyoyin kwafinsa.

Mutuwa

Murray ya sadaukar da ribar littattafansa ga ayyukan jin ƙai. Ya shafe shekarunsa na ƙarshe bai iya fita daga gida ba, ya kuma mutu a Holgate a 1826.