Malam Aminu Kano Kafin Siyasa: Shekarun Alli da Allo

In ka ce Malam Aminu Kano, abin da ke zuwa ran yawancinmu shi ne NEPU da PRP, da filin jirgin sama da asibitin koyarwa da ke ɗauke da sunansa. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina a rayuwarsa shi ne shekaru kusan goma da ya yi tsakanin koyon aikin malanta da yin sa, kafin ya taɓa hawa dandalin siyasa. Na ga ya dace mu waiwaye su, musamman 'yan uwanmu da ake shirin turawa makarantu gwajin koyarwa, wato TP, da mu da muke fita IT.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin shari'a ne, ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Ya fara da karatun allo a gida, sannan firamaren Shahuci, sai Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna a 1937. Kwalejin nan ita ce ta Katsina da aka mayar Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa.

Malanta ba ita ce zaɓinsa na farko ba, lauya ya so zama. A Arewar wancan lokaci hanyar ba ta buɗe wa irinsa ba, sai ya shiga kwas ɗin horon malamai. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan haka suka tsinci kansu a sashen da suke: an nemi wani abu, aka samu wani. To, shi ma haka ne.

Kwas ɗin bai tsaya a aji ba. An tura shi koyar da yara na wasu watanni a Bauchi da Zariya, ya kuma zagaya wasu makarantu a Kudu ya ga yadda suke yi. A Zariya ne ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ke koyarwa a can, kuma duk wanda ya san tarihin Malam Aminu ya san irin tasirin da wannan abota ta yi a tunaninsa. Kun ga ke nan, mutumin da ya fi sauya masa alƙibla ba a ɗakin lacca ya same shi ba, a wajen da aka tura shi aiki ne.

Da ya gama a 1942 aka ba shi aiki a Midil ta Bauchi, inda ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa. A nan ne aka fara ganin irin malamin da zai zama. Bai yarda aikin malami ya ƙare da buga ƙararrawa ba. Yakan shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo da muhawara, ya shiga harkar sikawut, gidansa kuma a buɗe yake ga yaran bayan an tashi. A zamanin da bulala ce rabin darasi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi da su Sa'adu Zungur da sauran 'yan boko na garin suka riƙa zaman tattaunawa kan mulkin En'e da na Turawa, har abin ya dami hukuma aka rufe dandalin.

A 1946 ya samu gurbin ƙaro karatu a cibiyar horar da malamai ta Jami'ar Landan. Abin da ya burge ni a nan shi ne, mutumin da ya riga ya shekara huɗu yana riƙe da aji, an sake sa shi shiga makarantun firamare na Ingila ya koyar a matsayin ɗalibi. Ba a ce ai ka iya, zauna ka rubuta jarrabawa kawai ba. Ya kuma taɓa aikin fassara a BBC don ya samu na kashewa, kamar dai yadda wasunmu ke ɗan buga-buga bayan lacca.

Nan ne nake ganin mun yi nisa da su. A yau da yawa ana ɗaukar TP da IT a matsayin hutu. A je makarantar da ke kusa da gida, a leƙa ran da aka ji mai duba aiki zai zo, a cike littafin rahoto a dare ɗaya, a nemi mai sa hannu. Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne fa, don wani kuɗin mota ma gagarar sa yake yi, wani kuma an tura shi aji mai yara fiye da kujeru ba tare da an haɗa shi da malamin da zai riƙe hannunsa ba. Amma wanda ke kwana a ciki shi ne yaron da zai zauna gaban wannan malami gobe. Laccar dabarun koyarwa za ta gaya maka yadda ake tsara darasi. Ba za ta gaya maka abin da za ka yi ba in ka yi tambaya aji ya yi tsit, ko in ka gane rabin yaran ba sa jin Turancin da kake yi. Wannan sai a gaban allo.

Zamansa a Landan ya haifar da wani abu kuma. Shi da wasu malamai 'yan Arewa suka assasa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa wajejen 1948, don neman gyaran albashi da yanayin aiki da manhaja. Ana lissafa ta cikin ƙungiyoyin farko da suka haɗa ma'aikatan Arewa baki ɗaya.

Bayan ya dawo ya ɗan zauna a Bauchi, sai aka tura shi Maru, a lardin Sakkwato na lokacin, ya shugabanci makarantar horon malamai. Mutane da yawa sun ɗauki wannan canjin wuri a matsayin dabarar nesanta shi daga inda yake tada ƙura. Ko ma mene ne dalilin, a Maru ya koma mai koyar da masu koyarwa, kuma bai daina saɓani da masu mulki ba. A ƙarshen 1950, watanni kaɗan bayan kafa NEPU a Kano, ya ajiye aikin gwamnati ya shiga siyasa gadan-gadan.

Sauran tarihin sananne ne: jagorancin NEPU, majalisar tarayya a 1959, kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, takarar shugaban ƙasa a PRP a 1979. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, gidan Mambayya, wanda yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Bayero. Maru kuwa tana jihar Zamfara a yau, kuma har yanzu akwai kwalejin ilimi a garin.