Arthur Lewis, malamin tattalin arzikin da ya ƙi yi wa Nkrumah fadanci

A ƙarshen shekarar 1958, babban mai ba wa Firayim Ministan Ghana, Kwame Nkrumah, shawara kan tattalin arziki ya tattara kayansa ya bar Accra, bayan ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni kacal a bakin aiki. Sunansa William Arthur Lewis. Abin da ya raba su shi ne yadda za a kashe dukiyar da ƙasar ta tara daga cinikin koko: Nkrumah yana son manyan ayyukan da ido zai gani, shi kuwa Lewis yana tambayar abin da kowane aiki zai dawo wa ƙasa da shi.

An haifi Lewis a ranar 23 ga Janairu, 1915, a Castries, babban birnin tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karibiyan, lokacin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Iyayensa malaman makaranta ne. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara bakwai, mahaifiyarsa ta ci gaba da ɗawainiyar 'ya'yanta ita kaɗai. Ya kammala makaranta yana ɗan shekara 14, ya kama aikin akawu a gwamnati, har ya ci jarrabawar tallafin karatu a 1932. Burinsa ya zama injiniya, amma ya san babu gwamnati ko kamfanin Turawa da zai ɗauki baƙar fata wannan aiki a zamanin. Don haka ya shiga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, ya fita da daraja ta ɗaya a 1937, ya fara koyarwa a can, kuma ya sami digirin digirgir a 1940. A 1948 Jami'ar Manchester ta naɗa shi farfesa yana da shekara 33, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a Birtaniya.

A Manchester ne ya rubuta maƙalar 1954 da ta ɗaukaka sunansa. Ya bayyana cewa ƙasa matalauciya tana da ɓangarori biyu: na gargajiya, inda hannuwa suka fi aikin yawa, da na zamani, wato masana'antu da manyan gonaki. Muddin akwai rarar mutane a karkara, ɓangaren zamani zai riƙa ɗaukar ma'aikata da araha. Idan aka mayar da ribar cikin sabon jari, tattalin arziki zai bunƙasa har rarar ta ƙare, sannan albashi ya fara tashi. Duk da haka bai raina noma ba. Tun a rahoton da ya rubuta wa gwamnatin Gold Coast a 1953, ya nuna cewa matakin farko na kafa masana'antu shi ne ƙara amfanin da manomin abinci yake samu, domin talakan da ba shi da kuɗi ba ya sayen kayan kamfani.

Haka ya auna ilimi da ma'aunin kuɗi da na buƙata. A wani nazari da ya fitar a farkon shekarun 1960, ya ƙiyasta cewa ba wa kowane yaro ilimin firamare na shekara takwas zai ci kashi 0.8 cikin ɗari na kuɗin shigar Amurka, amma a Najeriya zai ci kusan kashi 4, saboda albashin malami ya ninka abin da matsakaicin ɗan ƙasa yake samu sau da yawa. Ya yi gargaɗin cewa yaye ɗalibai fiye da guraben aikin da ke akwai yana cika birane da matasa marasa aikin yi, ya kuma ja hankalin gwamnatoci ga makarantun sakandare, waɗanda suke samar da malamai, ma'aikatan jinya, akawu da masu aikin fasaha.

Da wannan tunani ya isa Ghana a 1957. Bayan ya tafi, gwamnati ta ci gaba da ayyukanta masu tsada, farashin koko ya faɗi, kuma lokacin da sojoji suka kifar da Nkrumah a 1966, bashi ya riga ya yi wa ƙasar katutu.

Lewis ya koma jami'a. Ya shugabanci Jami'ar West Indies, sannan ya tafi Princeton a Amurka a 1963, inda ya koyar har ya yi ritaya a 1983. A tsakani ya zama shugaban farko na Bankin Raya Karibiyan. Bai kau da kai daga Afirka ta Yamma ba. A 1965 ya wallafa littafi kan siyasar yankin, inda ya soki mulkin jam'iyya ɗaya, ya ce ƙasa mai ƙabilu da yawa ta fi dacewa da tarayya da gwamnatin haɗin gwiwa. A 1967 kuma ya fitar da nazari kan bunƙasar tattalin arzikin Najeriya.

A 1979 aka ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da Theodore Schultz. Ya rasu a Barbados ranar 15 ga Yuni, 1991, aka binne shi a Saint Lucia, a harabar kwalejin da ake kira da sunansa.