Muhammad Atalla: Injiniyan Masar da aikinsa ke cikin kowace salula

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gyaran waya a kasuwar Gazawa ko Agiye ya ga an buɗe cikin salula, ya san ƴan baƙaƙen gutsattsarin nan da ke manne a kan allon kore. Su ne ƙwayoyin lantarki da ake kira cip, kuma su ne ƙwaƙwalwar wayar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tubalin da ake gina su da shi ya fito ne daga hannun wani ɗan Afirka.

An haifi Muhammad Atalla ranar 4 ga Agusta 1924 a birnin Port Said na ƙasar Masar, a bakin mashigin ruwan Suwez. Ya yi digirinsa na farko a jami'ar Alƙahira, sannan ya tafi Amurka, jami'ar Purdue, inda ya samu digiri na biyu a 1947 da na dakta a 1949. Fanninsa ma injiniyancin inji ne, ba lantarki ba. A shekarar da ya gama ya shiga ɗakin bincike na kamfanin Bell, wurin da aka ƙirƙiro taransista a 1947.

Taransista dai makunni ne, yana buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe. Masana sun so su riƙa yin sa da silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi, amma fuskar silikon ɗin tana riƙe lantarki ta hanyar da ba a iya sarrafawa, har na'urar ta riƙa yin abin da ta ga dama. Wasu abokan aikinsa biyu, Carl Frosch da Lincoln Derick, sun gano a 1955 cewa idan aka gasa silikon da tururi yana yin wata siririyar fata mai kama da gilashi. Atalla ya duƙufa a kan wannan fata, ya nuna cewa tana kwantar da fuskar silikon ɗin, tana kuma kare ta. Da wannan hanya ta buɗe wa Jean Hoerni da Robert Noyce na kamfanin Fairchild, waɗanda a 1959 suka tsara yadda za a jera taransista da yawa a kan guntun silikon guda.

A wannan shekarar ta 1959, Atalla da wani matashi ɗan Koriya ta Kudu, Dawon Kahng, suka haɗa sabon nau'in taransista mai suna MOSFET, suka gabatar da shi a 1960. Kamfanin Bell bai yi wani ɗoki a kansa ba, don a lokacin bai kai irin wanda ake da shi sauri ba. Shugabannin sun duba sauri, sun manta da cewa wannan ya fi sauƙin ƙerawa, ba ya cin wuta sosai, kuma ana iya ƙanƙanta shi. A yau ƙwaya guda ta cikin babbar salula tana ɗauke da biliyoyinsa.

Ƙarancin cin wutar nan ne ya sa abin ya shiga jikin mutum. Na'urar da ake maƙala wa mai matsalar ji a kunne, da wadda likitoci ke dasa wa mai ciwon zuciya don daidaita bugunta, duk da ɗan ƙaramin batiri suke aiki. A Turai kuwa ana cusa wa kare ko kyanwa ƙwaya mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, ɗauke da lamba. Idan dabbar ta ɓace, sai a ɗora na'ura a karanta lambar a nemo mai ita. Makiyayin Gidan Rumji da ke shaida shanunsa da lalas ko tsagar kunne zai gane manufar nan take.

Atalla ya bar Bell a 1962 ya koma Hewlett-Packard, daga nan Fairchild a 1969. A Amurka an fi saninsa da Martin ko John Atalla, abin da ya ƙara ɓoye asalinsa ga mai karatu. A 1972 ya kafa kamfaninsa, ya juya ga tsaron kuɗi: ya fito da wani akwati da ke sirranta lambar da mutum ke dannawa a banki, yadda ko ma'aikacin bankin ba zai gan ta ba. Wasu na kiransa uban lambar sirri, ko da yake ɗan Sikotland James Goodfellow ya riga shi yin rajistar dabarar haɗa kati da lamba tun 1966. Abin da Atalla ya ƙara shi ne kariyar lambar, kuma bankuna da yawa sun rungumi akwatin nasa.

An ba masu taransistar farko kyautar Nobel a 1956, an ba Jack Kilby a 2000 saboda ƙwayar lantarki. Atalla bai samu ba. Sai a 2009 aka sa sunansa da na Kahng a jerin manyan masu ƙirƙira na Amurka, lokacin Kahng ya shekara 17 da rasuwa. Atalla ya rasu ranar 30 ga Disamba na shekarar a garin Atherton, jihar Kalifoniya, yana da shekara 85.